Ɓaunar Da Ta Cinye Mana Agwagwa

Jama'a, duk wadda ta san za ta yi mini dariya ta yi abarta tun yanzu ta gama, don ni dai har zuwa wannan lokacin ban ga abin dariya ba. Sunana Marinalva, amma ko fadan cocinmu Nalva yake ce mini. Gyaran farce nake yi a barandar gidanmu da ke unguwar Guama, a nan Belem. A makon nan ne aurena ya rataya a wuyan wata ɓauna da ba ta ci, ba ta sha, ko wari ba ta da shi.

Mu uku ne a gidan: ni, Mama, da kakata Vo Zuleide. Vo 'yar tsibirin Marajo ce, inda ake kiwon ɓauna kamar shanu, a cikin ɓauna aka haife ta, da nonon ɓauna aka yaye ta. Da kakana Firmino ya rasu aka sayar da garken aka kawo ta birni. Ta ɗaura ragar kwanciyarta a falo, ta haye, ta juya wa duniya baya. Ko kunun 'ya'yan itacen asai da soyayyen kifi ka kai mata, sai ta ce na birni ruwa ne kawai.

Wata mai zuwa gyaran farce ce ta saka mata wani wasa a waya, wai shi Garkena. Ana ba ka 'yar gona da ɗan maraƙin ɓauna kyauta, ka yi ta kiwo. Ranar farko Vo ta ce shirme ne. Kafin sati ya zagayo ta raɗa wa maraƙin suna Firmino, tana tashi da sassafe ta ba shi ciyawa kafin ta sha kofi. Ta dawo tana dariya, ta dawo tana zagin maƙwabta. Mu kuwa muka ce madalla, tsohuwa ta warke.

Sai ku riƙe wani abu guda. A gidanmu ba mai fita ko shagon kwana ne sai ya kama hannun Vo ya sumbata ya ce, "Albarka, Vo," ita kuma ta ce, "Allah ya yi maka albarka." Aure kuwa ba a ma magana. Ƙanwar Mama ta yi nata ba tare da hannun nan ba, har yau in ta zo gidan a kofin roba ake ba ta kofi.

Ni kuma ina da Adailton. Dogo ne, siriri, mai tabarau, in ya yi murmushi sai ka rantse bai taɓa kashe ko sauro ba. Aikin kwamfuta yake yi daga ɗakinsa wa wani kamfani a San Paulo, wai daidaita tattalin arziki, iya abin da na sani ke nan, iya abin da Mama take buƙatar sani ke nan. Ta riga ta gaya wa duk layinmu cewa surukinta injiniya ne.

"Shekarunki ashirin da bakwai, Nalva," kullum sai ta tuna mini, kamar na manta. "Yaro mai albashi, ba ya sha, ƙungiyar ƙwallonmu ɗaya. Me kike jira? Sai farcenki ya fara furfura?"

Ya riga ya ba ni zobe a ɓoye, siriri na zinare, na adana shi a akwatin jan farce, ƙarƙashin auduga. Mun shirya ranar Lahadin bikin Siriyo, bayan an gama rakiyar gunkin Uwarmu ta Nazare daga coci zuwa coci an dawo gida cin abincin rana, zai durƙusa ya nemi hannun Vo. Kun san ba a kawo saurayin wasa teburin ranar nan. Mama ta ɗora manisoba, miyar ganyen rogo, tun farkon mako, ganyen rogon yana ta tafasa dare da rana don dafinsa ya fita, gidan duk ya ɗauki ƙamshi. A bayan gida kuma ga agwagwar bikin a ɗaure, ana ta ɗura mata masara.

Ranar Litinin da safe ina goge wa wata farce na ji ihun Mama.

"Nalva! Ina agwagwata?"

Na leƙa. Igiya na nan, kwanon masara na nan, agwagwa babu.

Daga cikin raga Vo ta ce, "Na sayar."

"Kin yi me, Mamai?"

"Firmino ba shi da lafiya."

Mama ta yi alamar gicciye, don ta ɗauka tsohuwa ta fara ganin matattu. Vo ta miƙo mana wayar. Ga Firmino kwance a ciyawa yana tari, da ma'aunin zafi a baki, idanunsa jage-jage da hawaye. A saman kansa agogo yana ta gudu da baya. A ƙasa kuma an rubuta: Akwatin Likita, a saya da lu'ulu'u. Lu'ulu'un wasan kuwa da kuɗin gaske ake sayensa.

"To kin sayi maganin?" in ji ni.

"Ba a sayen magani. Akwati ake saye, a buɗe a ga rabo."

"Me kika samu?"

Ta nuna mana. Firmino yana sanye da malafa, da baƙin tabarau a goshi, da takalman ruwa masu ruwan hoda a ƙafafunsa huɗu. Agwagwarmu ke nan, jama'a. Agwagwar da Mama ta yi ta ɗura wa masara ta koma takalmin ɓauna.

Mama ta zauna daɓas a ƙasa. "Siriyo ba agwagwa! Ga baƙo zai zo! Mamai, zanen waya ne fa, zane!"

"Ke ma ai da zanen biro likita ya rubuta haihuwarki," in ji Vo, ta juya baya.

Washegari ta saka rigarta mai furanni ta zuwa coci, ta ɗaura ɗankwali, ta ce in raka ta wajen Dona Osmarina, mai yi wa yara addu'ar kambun baka a bayan layinmu. Na ɗauka ƙafarta za a duba. Muna zama ta ajiye wayar a kan tebur, a kan farin ƙyalle.

Dona Osmarina ko gezau ba ta yi ba. Ta tsinko reshen ganye a tukunyar ƙofa.

"Sunan mara lafiya?"

"Firmino."

"Sunan uwarsa?"

Vo ta ɗan yi tunani. "Sa nawa."

Matar nan ta dinga kaɗa ganye a kan wayar tana motsa baki, tana hamma, hamma har da hawaye, wanda kowa ya san alamar bakin ya yi ƙarfi ne. Ganyen ya yi laushi a hannunta. Ta jefar da shi waje ta ce, "Sa hannu ne, Dona Zuleide. Kuma mai abin yana shiga gidanku, yana cin abincinku."

Na danne dariyata har cikina ya ƙulle. Da na san abin da ke tafe da ban yi ba.

Muna komawa gida Vo ta wuce gaban ɗan gunkin Uwar Nazare da ke kan firij, ta dafa bango ta durƙusa da gwiwoyin nan nata masu ƙara. Da ƙarfi ta yi bakancen, har mai jiran gyaran farce a baranda ta ji: in Firmino ya tashi, ranar Lahadi za ta ɗauki ɓaunar da aka ƙera da kakin kyandir a kanta, ba takalmi, tun daga babban coci har inda ake sauke Uwar.

A nan dariya ta ƙare mini. Vo ta doshi tamanin. Likita ya ce zuciyarta ba ta son ko hawa bene. Tafiyar kuwa ta cikin rana ce, cikin mutanen da in ka faɗi ba za ka ma kai ƙasa ba don matsi.

Mama ta ce, "Rabu da ita. Dabbar ba za ta tashi ba, tunda ba sauran abin sayarwa."

Ranar Laraba, bayan ruwan yamma ya ɗauke, na saka doguwar rigata ruwan ɗorawa da Adailton yake so, na zuba masa abinci a kula na tafi ɗakinsa, don in ba shi labari mu yi dariya. Ƙofar a buɗe take, shi kuma ya toshe kunnuwa da abin jin sauti. Na lallaɓa ta bayansa zan rufe masa ido.

Sai na ga allon kwamfutarsa. Idanu ne. Layi-layi, daga sama har ƙasa, idanun ɓauna: mai hawaye ɗaya, mai hawaye biyu, mai lumshewa, mai kallon sama. A ƙarƙashin kowanne da lamba.

Kular ta kusa suɓuce mini. "Adailton, mene ne wannan?"

Ya zabura. "Nalvinya! Aiki ne."

"Wane aiki?"

"Wasan Garkena. Ban taɓa gaya miki ba?"

"Ka ce kana daidaita tattalin arziki!"

"To ai shi ne. Ni ke tsara lokacin da dabba za ta kwanta, da abin da zai fito a akwati, da..." Ya ga fuskata, ya rage murya. "Da idanun."

Na gaya masa komai, har da takalman ruwan hoda. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa.

"Ban san Dona Zuleide tana yi ba, na rantse. Amma tsaya ki ji. Wasan kyauta ne. Yawancin mutane ko sisi ba sa biya, 'yan kaɗan ne ke biya, da kuɗinsu ake riƙe kowa. Ba wanda aka sa wa wuƙa a wuya."

"An sa wa ɓauna ma'aunin zafi a baki."

"In kin je silima kika biya kika yi kuka, an cuce ki?"

"A silima ba a ce in ƙara kuɗi ko jarumin ya mutu."

"Mutane da yawa ke ci a kamfanin nan, Nalva. Mai zanen takalman nan 'ya'yanta uku. Kuma ke da bakinki kika ce mini kakarki ta tashi daga raga, tana dariya. Wa ya tashe ta? Likita?"

A nan ya kama ni. Gaskiya ce. Ni da Mama mun yi iya yinmu ba mu tashe ta ba, zane ya tashe ta. Haushin gaskiyar tasa ya fi na ƙaryar da ban samu ba, na kwashe kulata da abincin a ciki na fito.

Ina cikin bas saƙonsa ya shigo: "Kar ki damu masoyiya, zan gyara komai 🙏🐃"

Ban amsa ba. Da na san irin gyaran da zai yi da na sauka a motar na koma da gudu.

Ranar Alhamis da hantsi, ihun Vo ya sa na shafa wa wata mata jan farce har gwiwar yatsa. Muka ruga falo. Firmino yana tsaye da ƙafafunsa, yana tsalle cikin takalmansa, taurari suna zuba a kansa. An rubuta: Kyauta ta musamman gare ki!

"Ta amsa!" Vo tana kuka tana sumbatar wayar. "Ban biya ko sisi ba! Uwar ta amsa!"

Kafin la'asar labari ya gama unguwa. Mata suka dinga shigowa ganin ɓaunar mu'ujiza, wata har da taɓa allon ta shafa a goshin jikanta. Dona Osmarina ta zo da sabuwar riga ta zauna a kujerar tsakiya tana karɓar gaisuwa. Vo kuma ta aika wa mai yin kayan kaki cewa tana son ɓauna, kuma ba ƙarama ba, don ba a yi wa Uwar rowa.

Na shige banɗaki na rubuta wa Adailton: "Kai ne?"

"Ni ne 😊 Ta ji daɗi?"

"Ta yi bakance, sakarai. Za ta yi tafiyar Lahadi ba takalmi. Ka warkar da zane za ka kashe mini kaka."

Ya fara rubutu, ya goge, ya fara, ya goge. Can sai ga: "Wayyo."

Na ja Mama kicin na faɗa mata. Ta riƙe ludayin manisoba a sama kamar an dasa ta.

"Wato in Mamai ta san shi ya warkar, ba mu'ujiza, ba tafiya."

"Eh."

"In kuma ta san shi ya warkar, ta san shi ya sa ciwon."

"Eh."

Mama ta ci gaba da juya tukunya. "Ki ja bakinki ki tsuke. Zan riƙe ta ta dama, ki riƙe ta ta hagu, mu ɗan taka kaɗan mu ce an iso."

"Mama, Vo ta fi ki sanin hanyar."

"To sai ki zauna a barandar nan kina kankare ƙafar mutane har ki tsufa! Yaron nan ya ce zai sa mana na'urar sanyaya ɗaki!"

Ba zan yi muku ƙarya ba, na so in yi shiru. Ina son Adailton. Ina son yadda yake tsayawa ya jira in gama magana, ina son yadda yake cin girkina ko da ya ƙone. Ranar Juma'a na wuni ina buɗe akwatin jan farce ina leƙa zoben. Amma da yamma aka kawo ɓaunar kakin, girmanta ya kai ɗan akuya, Vo ta ɗora a kai za ta gwada daga falo zuwa ƙofa. Ba ta kai ƙofar ba ta dafa bango, leɓenta ya yi fari.

Na rubuta masa: "Ko ka zo ka faɗa mata gobe, ko ni in faɗa."

Ranar Asabar da la'asar sai ga shi, cikin farar riga mai dogon hannu da ta sha guga, ya yi aski, ya yi wanka da turare, da ƙatuwar agwagwa mai rai a hammata. Mama ta karɓe shi kamar gwamna. Ya ƙi sakin agwagwar, ina jin ita ce kawai ke ba shi ƙarfin gwiwa. Ya tsaya gaban ragar Vo.

"Dona Zuleide, ba Uwar ce ta warkar da Firmino ba. Ni ne."

Vo ta dube shi ta saman tabarau. "Kai wa?"

"A kamfanin wasan nake aiki. Na shiga na ba shi magani."

"Kana da maganin ashe. A ina ka samu?"

"Ni ke... ni ke ajiye shi. Ni ke kuma sa ciwon."

Agwagwar ta ce kwak. Mama ta ce tana jin ƙauri a kicin, amma ba ta motsa ba.

Na jira ihu, na jira takalmi ya tashi sama. Vo sai ta sauko da ƙafafunta daga raga a hankali, ta zauna sosai.

"Malafar fa?"

"Ni ne."

"Takalman?"

"Wata ce ta zana. Amma ni na sa su riƙa fitowa maimakon magani."

"Idon fa? Yadda yake kallon mutum in ya kwanta. Wa ya yi shi?"

Adailton ya gyara riƙon agwagwar. "Mun gwada iri-iri a kan mutane daban-daban. Wannan ne ya fi sa a... ya fi sa a saya."

Vo ta gyaɗa kai. "Kun iya aiki. Haka mijina Firmino ya kalle ni a asibitin Soure, can tsibirinmu. An rubuta mana wani magani da sai a birni ake samu, jirgin ruwa kuma sai washegari. Bai ce komai ba, kallona kawai ya yi." Ta gyara ɗankwalinta. "Kana tsammani ban san zane ba ne, yaro? Ni na yi kiwon ɓauna, na san warin kashinta. Ba haukacewa na yi ba. Kawai dai wannan karon an ce mini ga maganin a kusa."

 Ni dai hawaye ya gama ɓata mini kwalli, kuma a lokacin na ji na tsani rigar nan tasa mai guga.

Mama ce ta yi ƙarfin hali. "To shi ke nan, Mamai, tunda ba mu'ujiza ba ce, ba sai an yi tafiya ba."

"Wa ya ce miki? Uwar ba ta zaɓen ɗan aike. In ta ga dama ɓarawon da kansa za ta aiko ya dawo da kaya. Bakance yana nan." Ta nuna Adailton da haɓa. "Amma ba ni zan ɗauki kayan wani ba. Shi ya kwantar, shi ya tayar, shi zai ɗauka. Ba takalmi. In ya iso da ita, sai ya zo ya nemi hannuna mu gani."

Haka aka yi. Lahadi da sassafe Mama ta kai Vo gidan wata ƙawarta kusa da cocin da ake sauke Uwar, aka ajiye mata kujerar roba a baranda. Ni na saka farar rigar bikin mai hoton Uwar a ƙirji, na ɗaure gashina. Kafin in fita na buɗe akwatin jan farce na zura zoben a hannun dama. Na ce yau dai a yi ta ta ƙare.

Jama'a, mutumin da ko shago yake zuwa da safa, shi ne ya taka kwalta da tafin ƙafa. Mutane ta ko'ina, masu ɗauke da 'yan gidajen katako a ka, masu bulo, masu ƙafar kaki, masu tafiya da gwiwa, kowa da nasa bakancen, ana waƙa ana kuka ana watsa ruwa. A tsakiyarsu ga Adailton da ɓauna a kai. Rana ta ɗaga, kakin ya fara laushi. Ƙahon dama ya lanƙwaso, na hagu ya bi shi, wuyan ya saki, kaki yana bin gashinsa yana gangarowa kan tabarau.

Wata tsohuwa ta dafa shi. "Ɗana, ɓaunarka ce ta warke?"

"Eh, Dona."

"Me ya same ta?"

Ya ce, "Ni."

An tattaka shi, an zuba masa ruwa a ka, sau biyu yana durƙushewa ina ɗago shi. Bai sauke ba, bai yi ƙorafi ba. Ina biye da shi ina kallon dugadugansa da suka fashe, zuciyata tana narkewa tare da kakin. Na ce a raina, wanda ya yi wannan ai ya biya.

Da muka iso, abin da ke kansa ya fi kama da ƙullin biredi mai ƙafafu. Ya miƙa shi inda ake karɓar kayan bakance, muka kutsa zuwa barandar. Ya zube gaban Vo, gashi a daskare, yana haki.

"Albarka, Dona Zuleide."

Vo ta daɗe tana kallon ƙafafunsa. Na ga bakinta ya yi laushi. Ta ɗago hannun dama daga cinyarta, Mama ta riga ta fara share hawaye tana murmushi.

Sai wayar ta yi tari a aljihun rigarta.

Ta ciro ta. Firmino a kwance, da malafa, da takalma, da idanun nan. Agogo yana gudu.

Adailton ya runtse ido. "Na manta. In aka ba da magani kyauta, ciwon yakan dawo bayan 'yan kwanaki. Haka tsarin yake. Ba ni wayar, zan iya..."

"Bari." Vo ta kawar da hannunsa. Ta kalli allon sosai, ta shafa goshin dabbar da babban yatsa. A ƙasan Akwatin Likita akwai wani ɗan mitsitsin rubutu da sai ka ƙura ido: A'a, na haƙura. Ta sa na nuna mata shi, ta danna da kanta. Aka tambaye ta ko ta tabbata. Ta danna. Aka sake tambaya, Firmino ya ɗago kai. Ta danna.

Allon ya yi duhu. Ga ɗan kabari da malafa a kai.

"Sauka lafiya, tsoho," in ji Vo.

Ba ta rufe baki ba wayar ta saki kiɗa. Furanni suka zubo, wani ƙaton maɓalli mai walƙiya ya fito: Dawo da shi da rai! Rabin farashi, yanzu-yanzu kawai!

Vo ta juya masa allon. "Wannan ma kai ne?"

Ya sunkuyar da kai. "Shi ne ya fi kowanne kawo kuɗi. Har kyauta aka ba ni a kansa."

"Ka yi me da kyautar?"

 Idonsa ne kawai ya zame ya sauka a hannuna na dama, na bi shi da kallo, Vo ma ta bi.

Ta kashe wayar ta miƙa wa Mama. Hannunta kuma ta mayar kan cinya, ba ta ba shi ba, ba ta ɓoye ba.

"Ni na binne nawa sau biyu, ya ishe ni," in ji ta. "Yaron nan ya faɗi gaskiya da bakinsa, ya kuma yi tafiyar, ban raina ba. Gobe kuma zai koma aikinsa, wata tsohuwar tana can da tata agwagwar. Nalva, ba ni zan ci abincin da albashinsa ya saya ba, ke ce. In kin ce in ba shi hannun nan, zan ba shi."

Yanzu haka da nake rubuta muku, a banɗakin gidanmu nake, na kulle ƙofa. An jera tebur. Agwagwar da ya kawo tana cikin romo, manisoba ta nuna, shi yana zaune a baranda da ƙafafu cikin bahon ruwan gishiri, Vo ta ce ba mai ɗaga cokali sai na fito. Mama ta ƙwanƙwasa har ta gaji ta koma turo saƙo: "Abinci na hucewa. Ki tuna da zafin ɗakin nan."

Zafin tafiyar ya kumbura mini yatsa, zoben ya nutse a ciki. Na shafa sabulu na murza, ya ƙi motsi. Ga man gyaran farcena a kan taga, na san digo ɗaya zai fitar da shi, aikina ne. Tun ɗazu nake kallon kwalbar, ban miƙa hannu ba.